Tambaya da Amsa: Mutanen da Suka Gina Masana'antar Manhaja a Indiya

A wannan fitowar mun zaɓi huɗu daga cikin tambayoyin da masu karatu suka aiko kan magabatan fasahar kwamfuta na Indiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha jin cewa jarin da aka kafa Infosys da shi bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne? In haka ne, yaya aka yi kamfanin ya tsaya da ƙafarsa? (Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne. A 1981, a birnin Pune, Narayana Murthy da abokan aikinsa shida, cikinsu har da Nandan Nilekani, suka bar kamfanin Patni suka kafa nasu da rupi 10,000. Kuɗin ma daga hannun matarsa Sudha ya aro su. Kuma ba wannan ne gwajinsa na farko ba, don ya taɓa kafa wani mai suna Softronics wanda bai kai labari ba.

Abin da ya sa ɗan wannan jari ya ishe su shi ne sun fara da abokin ciniki a hannu, wani kamfani a New York mai suna Data Basics. Ba su da kwamfutar kansu, sai yawancinsu suka tafi Amurka suna rubuta manhaja a kan na'urarsa, kuɗin aikin kuma ya riƙa biyan albashi. Murthy ya zauna gida yana fama da takardu, domin a Indiya ta wancan zamanin layin tarho kan ɗauki shekara guda kafin ya zo, shigo da kwamfuta sai da lasisi daga Delhi, ko kuɗin guzurin tafiya waje sai babban banki ya sa hannu. A 1983 suka koma Bangalore. Shekaru kusan goma suna tafiyar hawainiya, har ɗaya daga cikinsu, Ashok Arora, ya fita a 1989. Ƙofar ta buɗe ne a 1991, lokacin da gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a matsayin ministan kuɗi, ta sassauta dokokin lasisi da na shigo da kaya. Ko a 1993 da suka fito da hannun jarinsu kan rupi 95 kowane ɗaya, masu saye ba su cika ba, sai da bankin Morgan Stanley ya kwashi wani kaso. A 1999 Infosys ya zama kamfanin Indiya na farko da aka sa a kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke Amurka.

Tambaya: Ni abin da ban gane ba shi ne yadda injiniya zai zauna a Bangalore yana yi wa banki a Amurka aiki. Yaya ake tsara aikin, kuma ina yake lalacewa? (Daga wata mai rubuta manhaja)

Amsa: Malama, kin taɓo inda gizo ke saƙa, domin wannan tsari shi ne ainihin abin da waɗannan mutane suka ƙirƙiro.

Da farko ba haka ake yi ba. Kamfanin TCS, wanda gidan Tata ya kafa a 1968 kuma F. C. Kohli ya karɓi ragamarsa a 1969, ya fara ne da tura injiniyoyi waje, musamman bayan ya ƙulla hulɗa da kamfanin Burroughs na Amurka. Ana biyan kamfani gwargwadon mutanen da ya tura da awannin da suka yi. Ribar wannan ba ta da kauri, tunda injiniyan yana cin abinci da biyan haya da dala, ga matsalar biza. Canjin ya zo ne da hanyar sadarwa. A 1985 Texas Instruments ya kafa cibiya a Bangalore da tasharsa ta tauraron ɗan'adam, a 1991 kuma gwamnati ta kafa hukumar STPI, wadda ta ba kamfanoni layin aika bayanai da rangwamen haraji.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ana raba ma'aikata gida biyu, kusan kashi 30 cikin 100 a wurin abokin ciniki, sauran a Indiya. Na wajen su ne kunnen kamfani: su zauna da ma'aikatan bankin, su rubuta duk abin da ake so manhajar ta yi, a sa hannu a takardar. Na gida su zana tsarin, su rubuta, wata ƙungiya daban ta gwada, sannan a miƙa wa bankin ya yi nasa gwajin kafin ya karɓa. Indiya tana gaban New York da awa tara da rabi ko goma da rabi, ya danganta da lokacin shekara, saboda haka matsalar da aka aiko da yamma a can takan kwana ana gyaranta, a wayi gari ta warware.

Inda yake lalacewa kuwa, kusan kullum daga takardar farko ne. Ma'aikacin banki yakan manta ya faɗi abin da ya saba da shi, kamar yadda ake lissafin ranar biya idan ta faɗo ranar hutu, injiniyan da ke nesa kuma ba zai iya leƙa ofis ya tambaya ba. Sai a yi wata uku ana gini a kan kuskure. Idan kwangilar mai ƙayyadadden farashi ce, kamfanin ne zai ci asarar, shi ya sa suka dage cewa duk wani canji sai an rubuta shi, an ƙiyasta awanninsa, an sa hannu. Na biyu shi ne ficewar ma'aikata: wanda ya san tsarin ya tafi da iliminsa a ka. Maganinsa rubuta komai da ajiye mataimaki a bayan kowane babban injiniya, dalilin da ya sa kamfanonin Indiya suka rungumi ma'aunin inganci na CMM, kuma Infosys ya gina katafariyar cibiyar horarwa a Mysore. Na uku shi ne dogaro da abokin ciniki guda. A 1995 General Electric, wanda ke kawo kusan rubu'in kuɗin shigar Infosys, ya nemi a rage farashi, Murthy ya ƙi, kwangilar ta tafi. A ganinmu wannan shawara ta fi shiga Nasdaq muhimmanci, don daga nan ne suka iyakance kason da abokin ciniki ɗaya zai riƙe.

Matsalar shekarar 2000 ce ta tabbatar da tsarin. Tsofaffin manhajojin da aka rubuta da yaren kwamfuta na COBOL suna ajiye shekara da lamba biyu, watau 99 a maimakon 1999, kuma ana tsoron su ɗauki 00 a matsayin 1900. Gyaran ba ya buƙatar wata basira ta musamman, sai dai hannaye da yawa da natsuwa wajen bin layi bayan layi. Kamfanonin Indiya suka karɓi aikin, da ya ƙare kuma abokan cinikin ba su sake su ba.

Tambaya: Wai da gaske ne Wipro kamfanin man girki ne tun asali? (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Ƙwarai kuwa, Alhaji. An kafa shi a 1945 a Amalner, jihar Maharashtra, yana sarrafa man girki. A 1966 mahaifin Azim Premji ya rasu, sai ya katse karatunsa a jami'ar Stanford yana ɗan shekara 21 ya dawo ya karɓi kamfanin. Damar ta zo masa daga wata doka ta 1973 da ta tilasta wa kamfanonin waje rage mallakarsu zuwa kashi 40 cikin 100. IBM ya ƙi, ya fice a 1978, ya bar babban giɓi a kasuwar kwamfuta. Premji ya ɗebo injiniyoyi ya shiga haɗa kwamfuta, daga baya ya koma manhaja. Wannan giɓin ne kuma ya ɗaga HCL, wanda Shiv Nadar da abokansa suka kafa a 1976 da rupi 187,000, bayan sun tara kuɗin farko daga sayar da na'urar lissafi.

Tambaya: Kullum labarin nasara muke ji. Babu wanda ya faɗi a cikinsu? (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: Akwai, Malama, kuma faɗuwar ta girgiza ƙasar. Ranar 7 ga Janairu 2009, Ramalinga Raju, wanda ya kafa Satyam, kamfanin manhaja na huɗu mafi girma a Indiya a lokacin, ya rubuta wa hukumar daraktocinsa cewa ya yi shekaru yana kumbura lissafi. Rupi biliyan 50 da ɗoriya da littafin ya nuna suna banki, babu su.

Hanyar da aka bi ba ta da wuyar ganewa. Ana ƙirƙiro takardun neman biya na aikin da ba a yi ba, fiye da 7,000, sai ciniki ya hau a takarda. Cinikin ƙarya yana haifar da ribar ƙarya, ita kuma dole a nuna inda ta shiga, sai a buga takardun ajiyar banki na jabu. Kowane wata uku ramin na ƙara zurfi, domin kasuwa na jiran adadin da ya fi na baya. A Disamba 2008 Raju ya yi yunƙurin cike shi ta hanyar sayen kamfanonin Maytas biyu na iyalinsa kan dala biliyan 1.6, don kadarar gaske ta maye gurbin kuɗin da babu. Masu hannun jari suka tayar da jijiyar wuya, aka janye cikin 'yan awanni, asiri ya tonu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mataki ɗaya ya isa ya kama wannan tun da wuri: mai binciken kuɗi ya rubuta wa bankin da kansa, amsar kuma ta dawo hannunsa kai tsaye ba ta ofishin kamfanin ba. Akwai ma alama a fili, domin manazarta sun taɓa tambayar dalilin barin maƙudan kuɗi a asusun da ba ya kawo riba. Gwamnati ta rushe hukumar daraktocin ta naɗa sabuwa don kada dubban ma'aikata su rasa abin yi, Tech Mahindra ya saye kamfanin a Afrilu 2009, a 2015 kuma kotu ta yanke wa Raju ɗaurin shekara bakwai.