Kawuna ya ce zai tsaya min, amma an ce Ingila ba ta karɓar mai tsayawa

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira.

Shekarata 27, ina zaune a Gwammaja cikin birnin Kano, ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Wata 19 ke nan da ɗaura min aure, amma har yau ina ɗakin mahaifiyata. Maigidana ɗan asalin Kano ne da ya tashi a Ingila, yana da fasfo ɗinsu, yana zaune a Manchesta tare da mahaifiyarsa. Lokacin biki yana da aiki mai kyau, mun tsara da ya koma zai nema min biza. Wata 4 da komawarsa Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki. Shekarunta 70. Ƙannensa mata suna aure a wasu garuruwan, don haka abinci, magani, kai ta asibiti, tashin dare, duk a kansa suke. Dole ya ajiye wancan aikin. Yanzu awa 20 yake yi a mako a wani babban kanti, yana samun kimanin fam 244.

An ce sai mai albashin fam 29,000 a shekara zai ɗauko matarsa, nasa kuwa ko rabi bai kai ba. Gwamnati tana ba Hajiya wani kuɗi na tsofaffin da ke buƙatar kulawa. An taɓa gaya masa shi ma akwai wanda zai nema, ya ce Allah ya kiyaye ya karɓi lada a kan jinyar uwarsa. Gidan haya suke, ɗaki biyu da falo, kasonsa na haya da harajin ƙaramar hukuma fam 100 ne a mako.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ya ce zai rubuta takarda cewa ya ɗauki nauyina, ya haɗa da sitetimen ɗin bankinsa. Wani abokin maigidana a Landan shi ma ya ce a sa sunansa. Sai kuma wani dillalin biza da ya ce mu kawo naira miliyan 3, zai zuba kuɗi a asusuna na mako biyu a ciro sitetimen. Ƙawata kuma ta ce in nemi bizar ziyara kawai, in na shiga sai in zauna.

Anti, a unguwa har an fara kirana amaryar waya. Wa ya fi dacewa ya tsaya min, Kawu ko abokin? Ni dai ba zan ce ya bar mahaifiyarsa ba.

Ƙanwarki daga Gwammaja

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa maigidanki.

Daga Kawu har abokin babu wanda zai iya tsaya miki. Mutanenmu suna haɗa tsarin Ingila da na Amurka ne. A Amurka akwai fom ɗin da wani daban zai sa hannu ya ɗauki nauyin matar wani. A bizar aure ta Ingila ba a lissafa alkawarin kowa, komai dukiyarsa, sai a wani yanayi na musamman mai wuyar tabbatarwa, wanda ba zan so ki jingina aurenki a kansa ba. Albashinki na Kano ma ba ya shiga lissafi. Abin da ake dubawa shi ne kuɗin shigar mijin da ajiyar da ke cikin asusunku.

Abin da aka gaya miki na fam 29,000 gaskiya ne. Da can 18,600 ne, aka ɗaga shi ranar 11 ga Afrilun 2024. Wanda ba shi da albashi ko kaɗan sai ya nuna ajiyar fam 88,500, ta kuma yi wata 6 cur a asusunsa ko na matar ba ta yi ƙasa da haka ba. Wannan ya haura naira miliyan 150. Da wannan sharaɗi na wata 6 kaɗai kin ga inda maganar dillalinki ta rushe. Jami'in da zai duba takardunki sitetimen ɗin wata shida zai karanta, kuma dole a bayyana daga ina kuɗin suka fito. Asusun malamar firamare da ya kwana da dubu 80 ya wayi gari da ɗaruruwan miliyoyi ba ya buƙatar dogon bincike. Za a ƙi ba ki, kuɗin neman biza ba a mayarwa, kuma tabon yaudara zai bi duk wata takarda da za ki sake shigarwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shawarar ƙawarki ma ki ajiye ta: wanda ya shiga da bizar ziyara ba a yarda ya juya ta zuwa ta aure daga ciki ba, sai ya dawo gida ya nema.

Yanzu ga abin da ya kamata ku zauna a kai, kuma shi ne ainihin kuɗin da maigidanki ya ƙi karɓa. Dokar ta ware wasu mutane da ba a tambayarsu fam 29,000 kwata-kwata, daga cikinsu akwai mai karɓar alawus ɗin mai jinya, wanda a takardunsu ake kira Carer's Allowance. Ki lura da kyau: kuɗin da Hajiya ke karɓa ba ya ɗauke masa sharaɗin, domin nata ne. Sai wanda aka rubuta da sunansa shi kansa. Amma nata shi ne tsanin nasa, don ba a ba mai jinya alawus sai wanda yake jinya yana karɓar ɗaya daga cikin tallafin naƙasa da aka lissafa. A shekarun Hajiya, mai yiwuwa Attendance Allowance ne take karɓa, wanda yana cikin jerin. Ya ɗauko wasiƙar da aka aiko mata ya karanta sunan da idonsa.

Sauran sharuɗɗan biyu ne manya. Ya kasance yana kula da ita aƙalla awa 35 a mako, wanda mai tashin dare ya wuce nan tuni. Sannan abin da yake samu a wurin aiki, bayan an cire haraji, kada ya wuce fam 196 a mako. Wannan adadin da sauran alƙaluman da zan ba ki na shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 ne. Kowane Afrilu ana sauya su, don haka ya tabbatar da na ranar a shafin gwamnatinsu kafin ya yi komai.

A yanzu fam 244 ɗinsa ya haura iyaka, ba za a ba shi ba. Amma ki yi lissafi da ni. Mafi ƙarancin albashi a can fam 12.21 ne a awa. In ya rage aiki zuwa awa 16, zai samu fam 195 da 'yan kai, ya shiga ƙarƙashin iyaka da ƙyar. Alawus ɗin fam 83.30 ne a mako. Haɗa su, kusan 278. Ko an cire ɗan haraji zai tashi da wajen 270. Wato ya rage awa huɗu na aiki, ya ƙara wa Hajiya lokaci, aljihunsa kuma ya fi na yanzu nauyi.

Da zarar yana karɓar alawus ɗin, ma'aunin da za a ɗora ku a kai ya canja. Za a ɗauki abin da ke shigo masa a mako, a cire haya da harajin ƙaramar hukuma, a duba ko abin da ya rage ya kai abin da gwamnati ke ɗauka ya isa mata da miji, wato fam 144.65. Naku: 270 a cire 100, saura 170. Kun haye. Da a ce hayar ta kai 150, saura 120 ke nan, giɓin fam 25 a mako. A nan ajiya take shigowa, kuma ba irin waccan mai ban tsoro ba. Bizar farko ta wata 33 ce, mako 143, sai a raba ajiyar a kan waɗannan makonni. Fam 3,600 ta cike wannan giɓi.

To a nan ne Kawu zai yi amfani, Allah ya ƙara masa buɗi. Ba a karɓar alkawarinsa, amma ana karɓar kyautarsa. In ya zuba kuɗi a asusunki a matsayin kyauta ba bashi ba, ya rubuta takardar da ta faɗi haka, kuɗin suka yi wata 6 a hannunki, sun zama ajiyarki. Haka gwal ɗin lefe: yana cikin akwati ba ya shiga lissafi, sai an sayar, an riƙe rasit, kuɗin sun yi wata shidansu a banki. Wuri na biyu da za ki roƙi Kawu ya sa hannu shi ne kuɗin biza, wanda kowa zai iya biya. A Afrilun 2025 kuɗin nema fam 1,938 ne, na kiwon lafiya fam 1,035 a kowace shekara, ana karɓar na shekara uku gaba ɗaya, 3,105. Jimilla ya ɗan haura fam 5,000, kusan naira miliyan 10, ban da tikiti. Miliyan 3 ɗin da za ki miƙa wa dillali nan ne wurinsu.

Batun kunyar maigidanki kuwa, na fahimce shi, tarbiyya ce. Sai dai ki tuna masa cewa ba daga hannun Hajiya kuɗin za su fito ba. Daga baitulmalin ƙasar da ya yi shekaru yana biya wa haraji ne, an kuma ware su ne don wanda jinya ta hana shi aiki. Ladansa yana wurin Allah, babu wanda ya taɓa shi. Ban ga birgewa ba a mutum ya ƙi haƙƙinsa ya bar matarsa shekara biyu a gidan iyayenta. In maganar ta yi miki nauyi, ki bi ta wurin Kawu ko wani babba da yake jin maganarsa.

Inda mutane suke faɗuwa a wannan hanya shi ne iyakar nan ta fam 196. Ba ta da sassauci. Ya wuce da fam ɗaya, alawus ɗin wannan makon duka ya tafi, kuma hukumar da ke biyansa takan dawo daga baya ta ce a biya ta abin da ta bayar. Masu aikin kanti sun fi shiga wannan, domin lokacin Kirsimeti ana roƙonsu ƙarin awoyi. Ya gaya wa manajansa a rubuce cewa awa 16 ne iyakarsa. Kafin ya cike fom ɗin kuma ya leƙa ofishin Citizens Advice, kyauta suke ba da shawara, su duba ko nemansa zai taɓa wani ƙarin da Hajiya ke samu, da kuma ko akwai wani tallafin da ya cancanta bai sani ba.

Takardun da zai haɗa: wasiƙar hukumar da ta tabbatar yana karɓar alawus da adadinsa, sitetimen da ya nuna kuɗin sun shiga, takardun albashi na wata 6 da sitetimen ɗin da ya yi daidai da su, wasiƙar wurin aiki, yarjejeniyar haya, da wasiƙar mai gida cewa ya yarda ki zauna. Ɗaki biyu da falo ga mutum uku ba cunkoso ba ne. Akwai wata ƙa'ida da ke kayar da mutane a banza: takardar albashi da sitetimen na ƙarshe kada su girmi ranar da aka tura nema da fiye da kwana 28.

Ke kuma daga nan Kano kina da naki aikin. Takardar shaidar aure, in da Hausa ko Larabci aka rubuta ta a sa ƙwararren mai fassara ya juya ta, ya sa sunansa da hannu da kwanan wata. Jarrabawar Turanci matakin A1, wato matakin farko, magana da sauraro ce kawai, amma sai a cibiyar da suka amince da ita. Gwajin tarin fuka a asibitin da suka zaɓa, akwai na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas, kuma takardarsa wata 6 take yi, saboda haka kada ki yi gaggawar zuwa tun alawus ɗin bai fito ba. Ki tara hotunan ɗaurin aure, tambarin shigowarsa Najeriya a fasfo, rasit ɗin kuɗin da yake turo miki, da 'yan shafuka na hirarku a WhatsApp daga watanni daban-daban. Ba sai kin buga littafi guda ba. Bayan an ɗauki hoton yatsunki, amsa takan ɗauki kimanin mako 12. In za ku biya wani ya duba muku takardu, ya zama lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista a can Ingila.

Akwai maganar da nake so ku yi tun kina Gwammaja. Da yawa daga dangi za su ɗauka kin je ne ki karɓe shi jinya, shi ya koma aiki. Ki san cewa a bizarki za a rubuta ba ki da damar karɓar tallafin gwamnati, don haka ke ba za a ba ki alawus ɗin ba, shi kuma in ya daina cika awa 35 nasa ya tsaya. Kafin wata 33 su cika za ku nemi ƙarin wata 30, a sake ɗora ku a sikeli. In har lokacin yana karɓar alawus, ma'aunin nan mai sauƙi ne. In ya daina, ko don Hajiya ta samu sauƙi ko don ta Allah ta kasance, wanda a nan mako 8 kawai ake ci gaba da biya, to kun koma kan fam 29,000. Bambancin shi ne a lokacin kina da izinin aiki, kuma za a haɗa albashinki da nasa. Saboda haka ki tafi da takardunki na makaranta da wasiƙar shaidar aiki daga inda kike koyarwa, ku kuma yanke tun yanzu wa zai fita aiki, wa zai zauna da Hajiya, a waɗanne ranaku.

Anti