Zangon Mita 6: Shirun da Kake Ji da Dokar da Ke Kansa

Tambaya: Na samu lasisin rediyon 'yan sha'awa (masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai), kuma na'urar da na saya tana kaiwa har 50 MHz, wato zangon mita 6. Duk lokacin da na murɗa can ba na jin komai sai shuuu. Zangon ya mutu ne? Kuma tunda na'urata tana da shi, zan iya fara kira kai tsaye?

Amsa: Malam, bari mu fara da ta biyun, domin ita ce ke iya jawo maka matsala. Kamfani yana ƙera na'ura ne don kasuwar duniya, bai san ƙasar da kake ba. Abin da ke ba ka izini shi ne takardar lasisinka da jadawalin hukumar sadarwa ta ƙasarka.

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya shiyya uku. A shiyya ta 2, wato nahiyoyin Amurka, da mafi yawan shiyya ta 3, 'yan sha'awa suna da 50 zuwa 54 MHz tun da daɗewa. Shiyya ta 1, wadda ta haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, labarinta daban ne, saboda tashoshin talabijin na da sun mamaye 47 zuwa 68 MHz. Sai a taron 2019 a Sharm el-Sheikh ta Masar aka ware wa shiyyar baki ɗaya 50 zuwa 52 MHz, shi ma a matsayi na biyu, ko da yake wasu ƙasashe sun ba da fiye da haka.

Wannan matsayi na biyu ka riƙe shi da kyau. Kai baƙo ne, mai gida yana nan. Idan siginarka ta dami mai matsayi na farko, kai za ka rage ƙarfi ko ka kashe. Idan tasa ce ta dame ka, ba ka da bakin ƙara. Sauran ƙa'idojin kuwa ka riga ka san su: faɗin lambar kiranka, ba talla, ba kiɗa, ba ɓoye saƙo, ba wuce ƙarfin da ajin lasisinka ya yarda.

Shirun kuma halin zangon ne, bai mutu ba. A ranar da aka saba, siginar mita 6 ba ta wuce na kusa da kai sosai. Amma can sama, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, wani lokaci sukan taru wasu dunƙule-dunƙule masu caji da ke mayar da sigina ƙasa. Masu harkar suna kiran wannan Es. Idan ya faru, sai ka ji tashar da ke nesan kilomita 2,000 tana magana rangaɗau, da wat 10 kacal ma ka same ta, bayan rabin awa ta ɓace kamar ba a yi ba. A arewacin duniya an fi samunsa daga Mayu zuwa Agusta. Akwai kuma hanyar da ke tsallaka layin da ya raba duniya biyu (ikweta) daga arewa zuwa kudu, wadda ta fi buɗewa wajajen Maris da Satumba, daga la'asar zuwa dare. A shekarun da rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, zangon yakan haɗa nahiya da nahiya.

Saboda buɗewar gajeruwa ce, ladabin wurin yana da nauyi ƙwarai, kuma a nan nake ganin sababbi sun fi tuntuɓe. An keɓe 50.110 MHz don kiran wata nahiya. Wanda ya zauna a kai yana hira da maƙwabcinsa ya toshe wa mutane damar da wataƙila sai baɗi za ta dawo. Ka yi kira, in an amsa ku matsa gefe. Kiran murya na yau da kullum a shiyya ta 1 yana wajajen 50.150, a Amurka 50.125, kuma da salon aika murya da ake kira USB ake yi. Ƙasa da 50.100 na masu Morse ne (saƙo da gajeru da dogayen sautuka) da tashoshin alama, masu aika lambar kiransu a kai a kai don a gane ko zangon ya buɗe. A Amurka ma doka ce ta hana murya a nan.

In kana son sanin ko zangon ya buɗe, haɗa na'urar da kwamfuta ka bar ta a 50.313, inda masu FT8 suke, wato salon aika gajeren saƙo ta kwamfuta. Sau da yawa kunne bai ji komai ba, allo ya riga ya fara jero lambobin kira daga ƙasashe masu nisa.

Eriya ba ta da wuya. Waya biyu, kowace kimanin mita 1.4, ka shimfiɗa su a kwance ka ɗaga sama gwargwadon iko, domin masu neman nesa a kwance suke sa tasu. Amma kafin ka danna makirfo, buɗe takardar lasisinka ka ga 50 MHz a rubuce, da iyakarsa da ƙarfin da aka yarje maka. In babu, ka tsaya a sauraro, ka rubuta wa hukumar ka nemi izini.