Man tsutsar alharini: ta kan tsamiyarmu daban ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli a wani ƙauye wajen Gwaram. An turo mana bidiyo wai a ƙasar Sin ana matse mai daga tsutsar alharini, har wai ya fi man kifi. Tun daga nan yarana suka fara ɓallo gidajen tsutsar nan ta kan tsamiya, jiya ma na tarar sun soya sun ci. Wallahi hankalina a tashe yake, akwai illa? Kuma in ba illa zan iya matsar man?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki hana su daga yau, bayani ya biyo baya.

Bidiyon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tsutsar da ake kiwo a Sin da Indiya ganyen mulberi take ci, idan ta naɗe kanta cikin kwanson zare sai a dafa a warware zaren, abin da ya rage a ciki shi ake busarwa. Busasshen kusan rabinsa furotin ne, mai kuma wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, kuma yana da omega 3 da yawa (wani nau'in mai ne mai amfani ga jiki), irin na tsirrai. A Koriya ma dafa ta ake a sayar a bakin titi kamar yadda muke yi da fara. Amma a ce ya fi man kifi, wannan zuƙi ta malle ce, omega ɗin nasu ba iri ɗaya ba ne. Ga shi da ƙarni da saurin lalacewa, shi ya sa kamfani ke cire shi da inji ko da sinadarin hekzen sannan a tace, ba aikin turmi da muciya ba ne.

To ga inda raina yake ɓaci. Kullum sai an ce min ai Malam tsutsa tsutsa ce, tunda duk zare suke yi. Haba jama'a! Ta kan tsamiya, wadda kakanninmu ke sarrafa zarenta a yi rigar tsamiya da aikin wuyan babbar riga, dangin Anaphe ce, ta daji, kuma zarenta aka san mu da shi. 'Yar uwarta ta kudu ta daɗe tana kwantar da mutane a yankin Ilesha ta jihar Osun, duk damina sai a ga mutum yana karkarwa, yana tangaɗi kamar ya sha wani abu, magana tana kakkarye masa. An yi shekaru ana laluben dalili kafin a gano tsutsar ce, tana ɗauke da wani sinadari mai rusa bitamin B1 a jiki, kuma binciken da aka buga a shekarar 2000 ya nuna sinadarin yana jure zafi. Kin ga kenan maganar "ai na soya ta ƙaraurau" ba hujja ba ce. Wanda ya fi shiga haɗari kuwa shi ne wanda cimarsa garin rogo ce da farar shinkafa, dama B1 ɗinsa a ƙasa yake. Amma mai tallan magani da lasifika a kasuwa ina ruwansa, gobe za ki ji ya zuba wani abu a kwalba ya ce man tsutsa ne mai maganin hawan jini da sanyi da basir, duk a kwalba guda. In yaro ya fara rawar jiki kuma a ce iska ce a kama hayaƙi da turare, alhali a asibiti bitamin B1 ake ba shi ya miƙe.

Ki sa ido kan yaran kwana biyu. In kin ga amai, jiri, rawar hannu ko tangaɗi, ki kai su asibiti ki faɗi abin da suka ci ba ɓoye-ɓoye. Wanda jikinsa ya feso da ƙaiƙayi ko leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, shi kam ko minti kar a ƙara, ki nemi mai babur.