Amsa ga mai neman asalin surukansa da suka yi ƙaura daga Ailan zuwa Amurka

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce maiɗakinka Ba'amurkiya ce, danginta na cewa kakanninsu daga Ailan suka zo tun zamanin yunwa, kana so yaranku su san tushensu ta wajen uwa, kuma kana tambaya ko ka fara da rubuta wa hukumomin Dublin. Ni ma na yi wa surukaina irin wannan aiki. Shawarata, bar Ailan tukuna, ka fara tono a nan Amurka.

Ga dalili. A watan Yunin 1922, ana cikin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka salwanta sai 'yan gutsattsari. Na 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan kyauta a intanet, amma wanda ya tsere wa yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ba za ka same shi ciki ba. Rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ma sai 1864 aka fara ta. Abin da ya rage shi ne littattafan coci, kuma kowace ikilisiya da nata. Muddin ba ka riƙe sunan ƙauye ba, neman Patrick Murphy a Ailan daidai yake da ka sauka Kano kana tambayar gidan Malam Sani.

To sunan ƙauyen nan shi ne abin farauta. Fara da tsofaffin gidan, ka zauna da su ka yi ta tambaya, har da abin da suke ganin shirme ne. Sannan ka bi ƙidayar Amurka da baya-baya. Ta 1900 tana faɗin shekarar da mutum ya shigo, ta 1880 tana faɗin ƙasar da aka haifi iyayensa, ta 1850 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane ɗan gida. Ta 1890 gobara ta cinye ta a 1921, kar ka wahalar da kanka. Haka nan kar wani ya tura ka Ellis Island, tsibirin tantance baƙin da ke shiga Niyok, sai 1892 aka buɗe shi, mutanen yunwa sun daɗe da sauka, da yawansu ma ta Kanada suka biyo.

Sai dai ƙidaya ƙasa kawai take ambata. Ƙauye yana ɓoye a wasu wurare: rajistar aure ta cocin Katolika, sanarwar rasuwa a jarida, littattafan bankin Emigrant Savings na Niyok da aka kafa a 1850, inda ake rubuta garin mai ajiya da sunayen iyayensa, da kuma cigiyar 'yan'uwa da jaridar Boston Pilot ta riƙa bugawa daga 1831 zuwa 1921. Cigiyar nan tana taɓa zuciya, uwa na neman ɗa, ƙanwa na neman wa, kuma sukan faɗi ikilisiyarsu.

Mu a maƙabarta muka dace. Dutsen kabarin kakan-kakan matata suna da shekara kawai ke jiki. Na 'yar'uwarsa da ke can gefe, gansakuka ta rufe shi, sai da muka wanke da ruwa da buroshi mai laushi rubutun ya fito: ga ikilisiya, ga gundumar Mayo. Shi ya sa kullum nake cewa a bi 'yan'uwa da waɗanda suka tsaya shaidar aure, domin mutanen ƙauye ɗaya unguwa ɗaya suke sauka.

In ka samu sunan, sai ka tsallaka. Ɗakin karatu na ƙasar Ailan ya ɗora hotunan rajistar Katolika a intanet tun 2015, yawanci har wajen 1880. Da yawa da Latin aka rubuta, James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus, ga rubutun limamin coci kamar tafiyar tsutsa, tawada ta kwanta. Ka haɗa da Griffith's Valuation, ƙididdigar filaye ta 1847 zuwa 1864, ka ga wa ke haya a ina. Shekarun haihuwa kar ka riƙe su da ƙarfi, yawancinsu ƙiyasi suke yi. O' da Mc na gaban suna ma suna faɗuwa su dawo. Abin da ya fi taimaka mini shi ne al'adarsu ta mayar da suna: ɗan fari namiji yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa. Ba doka ba ce, amma tana rage yawan waɗanda kake zargi.

Gwajin DNA yana da amfani wajen gano dangi masu rai, taswirar kason jinin ƙabilu da ke zuwa da sakamakon kuwa ni ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Abu guda ka tabbatar tun yanzu. Idan surukanka 'yan ɗarikar Kirista ta Furesbiteriya ne, ba Katolika ba, mai yiwuwa ba yunwa ta kawo su ba, suna cikin mutanen Ulster, lardin arewacin Ailan, da suka kwararo Pennsylvania a ƙarni na 18. Wannan hanya daban ce, takardunta a PRONI, ma'ajiyar takardun gwamnatin Ailan ta Arewa da ke Belfast, za ka nema, kuma ta fi wuya. Tambayi madam cocin da kakanninta ke zuwa da garin da aka binne su, ka dawo mana da amsa mu ga inda za a kama.