Ƙanena, kada ka taso ba ka da ɗaki a hannu

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka: ka samu gurbin digiri na biyu a nan Edinbara, babban birnin Scotland, kana shirin kama ɗakin Airbnb (manhajar da masu gida ke ba baƙi hayar 'yan kwanaki) na mako biyu, daga nan ka zaga neman haya yadda ake yi a gida. Barka da arziki, amma sai ka sake lale.

A Zariya, Samaru ko Palladan, dillali zai goya ka a mashin, kafin La'asar kun ga ɗaki uku, ka biya kuɗin shekara, shi ke nan. Ɗalibin ABU shi ne babban kwastoman mai gida. Nan kuwa da 'yan yawon buɗe ido za ka yi takara, kuma sun fi ka nauyin aljihu. Duk watan Agusta garin nan cika yake maƙil saboda Fringe, babban bikin wasannin kwaikwayo da nishaɗi. Abin da ɗalibi zai biya a wata, baƙo na iya biyan sa cikin 'yan kwanaki, to wa mai gida zai zaɓa?

A benen da na fara zama, wasu ƙananan akwatuna masu lambobin sirri ne jere a bakin ƙofa. Na ɗauka na wasiƙu ne, ashe makullan baƙi ake ajiyewa. Maƙwabcin yau daban, na jibi daban, sai ƙarar tayar jaka a matakala da tsakar dare. Kowane akwati gida ne da ya fita daga kasuwar haya. Ragowar ake rububi a kai, kuɗin kuma sai hawa yake.

Hukuma ta yunƙura. Daga Satumban 2022 sai da izinin majalisar birni ake mayar da gida sukutum masaukin baƙi, daga Oktoban 2023 kuma lasisi ya zama dole. Duk da haka a Nuwamban 2023 majalisar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin gidaje, don dama can ginin bai wadata ba.

Saboda haka nemi hostel ɗin jami'a yau ɗin nan, ko da ya yi maka tsada. In gidan haya ne, doka ta hana a karɓi kuɗin ajiya fiye da hayar wata biyu, kuma dole lambar rajistar mai gida ta fito a talla. Kada ka tura wa kowa ko sisi daga Zariya a kan hoto kawai; turo min adireshin in je in gani da idona.

A gaida su Baba. In za ka taho, ka riƙo min daddawa da kuka.