Hular katako: wane inji ne zai iya ta, wane icce za a nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Tudun Wada. Na ga bidiyon wani Bature yana fitar da malafa daga gungumen icce a kan injin gurza katako, har ya ɗora ta a kai. Na tara 'yan kuɗi, an kuma yi mini tayin wani inji da aka taɓa amfani da shi, irin wanda ake yin ƙafafun gado da shi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka gani gaskiya ne. Wani Ba'amurke mai suna Johannes Michelsen shi ya yi fice da wannan aiki tun wajen 1990, kuma ya koya wa mutane da yawa. Amma in don hula ne, kada ka sayi wannan injin.

Ƙafar gado doguwa ce siririya, don haka injinta ma dogo ake ƙera shi, tazarar da ke tsakanin tsinin da ke juyawa da gadon injin, wato dogon ƙarfen da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ba ta da yawa. Malafa kuwa faɗi take so. Faɗin gungumen da za ka ɗaura zai kai santimita 45 zuwa 50, ke nan tazarar nan sai ta kai rabin haka, santimita 25. Ka tafi da tef ka auna da kanka, kada ka tsaya ga bakin dillali. Sannan icen ɗanye ne, nauyinsa yakan haura kilo 30, kuma da farko ba daidai yake ba. In injin gudu ɗaya gare shi, kuma mai sauri, zai yi ta tsalle, gungumen ma yana iya ƙwacewa ya yi kanka. Nemi wanda ake rage masa gudu sosai, ko da ta hanyar sauya bel ne, mai jikin ƙarfe mai nauyi da boris lafiyayye. Maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su iya haɗa maka irinsa in ka ba su awon, sai ka kafe shi a kankare. Garkuwar fuska kuma dole ce, tabarau kaɗai bai isa ba.

Akwai batun wuta. Aikin nan a zama ɗaya ake gama shi, domin da zarar katakon ya yi siriri zai fara bushewa yana karkacewa, shi ya sa ake ta fesa masa ruwa. Kaurin da ake nema milimita 2 zuwa 3 ne. Ana sa ƙwan lantarki a bayan hular tana juyawa, hasken ya ratso ɗanyen icen ja-ja. Inda ya yi duhu da saura, inda ya yi fari fat ka kusa hudawa. Ka ga in aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan ba ka da janareta, icen da wahalar duk sun tafi.

Da ni ne kai, sai in fara biyan kuɗin awa a wurin mai babban inji, in yi ta gurza akussa har hannuna ya saba da siranta katako. Ko ba komai akushi yana da masu saye a Kaduna, ita kuwa hular sai ka nemo mata kasuwa.

Tambaya: Malam, wane icce ya fi dacewa cikin waɗanda muke da su?

Amsa: Mangwaro, maɗaci ko malaina, sabon sara. Kirya ka bar wa masu turmi, taurinta zai cinye maka kaifin ƙarfe. A tsaga gungumen biyu a zubar da zuciyar icen, daga nan tsagewa ke farawa. Ka yi aikin da damina in da hali. Iskar hunturu takan fasa siririn katako cikin dare ɗaya.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina so in sa a yi wa maigidana irin wannan hula kyauta. Me zan duba kada a cuce ni?

Amsa: Hajiya, barka kadai. Ki fara da awon kansa: daga goshi zuwa ƙeya, sannan daga gefe zuwa gefe, ba kewaye kawai ba. Inji da'ira yake fitarwa, kan mutum kuwa ya fi tsawo gaba da baya. Icen da kansa ke gyara wannan, saboda yana tsukewa ta gefe fiye da ta tsawon jijiyarsa. Mai aikin yakan matse hular a wani maƙali na 'yan kwanaki, ya ɗaure bakinta da roba har ta bushe da siffar kai. In aka kawo miki mai zagaye cif, ba a yi wannan ba, kuma za ta matse masa goshi.

Ki ɗaga ta a hannu. Mai kyau ba ta wuce giram 300, in ta yi nauyi kwano aka kifa. Ki duba ta a hasken rana ko akwai tsaga da aka cike da gam. Kada ki biya duka sai ya gwada ta. Ki kuma sani ta ado ce, ta hawan sallah ko ɗaukar hoto. Ba ta lanƙwasuwa, ba a sujada da ita, kuma kada a bar ta cikin mota a rana.