Ruwan tafkin yana sauka, rana ce ko yoyo?

Ɗana, ka tambaye ni wai ruwan tafkin da muke tara dagwalon wankin ma'adini yana raguwa kullum, ta yaya za ka gane rana ce ke shanye shi ko ta ƙasa yake zurarewa. To samu bokiti ka cika da ruwan ka ajiye a bakin tafkin, ka sa alama a jikinsa ka sa a sandar awon ruwan tafkin, a rufe bututun shiga da na fita, bayan awa 24 ka duba, in tafkin ya fi bokitin sauka to ba rana ba ce kaɗai.

Amma fa wannan gwajin babban yoyo kawai yake kamawa. Ƙaramin, wanda shi na fi tsoro, ba zai nuna ba, shi ya sa ake daddaɓe laka a ƙasa sannan a shimfiɗa ledar HDPE, wata leda mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa, mai kaurin milimita 1.5 ko 2 har biyu, a tsakaninsu a sa raga ko tsakuwa da za ta gangarar da duk abin da ya ɗiga zuwa wani ɗan rami a gefe. Wannan ramin kullum ka auna abin da ya taru a ciki ka rubuta, ranar da ka ga ya ƙaru kar ka ce bari mu ga gobe. Yawanci yoyon a wajen haɗin leda ne ko inda bututu ya ratsa ta, ko dutse mai tsini da aka bari a ƙasa, ko wani ya shiga da katafila. Haɗi mai layi biyu ana hura masa iska a ga ko zai riƙe, akwai kuma gwajin lantarki da ke nuna daidai inda hujin yake.

Kuma ka san ba ruwa ne zalla ba. Dutse mai sinadarin sulfur in ya haɗu da iska da ruwa asid yake zama, ya narkar da dalma da gubar asenik ya tafi da su, a aikin zinare ga gubar sayanaid a kai. Da madatsar irin wannan tafkin ta ɓalle a Baia Mare ta ƙasar Romaniya a 2000 kowa ya ga matattun kifaye a kogi, amma yoyon ƙarƙashin ƙasa wallahi ba mai gani, a hankali yake tafiya shekara da shekaru sai ya ɓulla a rijiyar mutane yara suna sha, kuma in ya shiga fitar da shi sai an sha wuya.

Don haka rijiyoyin gwajin nan da ake haƙawa don duba ruwan ƙarƙashin ƙasa kar ka raina su, wata a sama da tafkin wasu a gangare inda ruwan ƙasa ya nufa, ka riƙa gwada awonsu da wanda aka ɗauka tun kafin a zuba komai. In gishirin ruwan na gangare ya fara hawa ko ya fara tsami, ka faɗa wa injiniya a ranar a rubuce, a rage ruwan tafkin, a fara zuƙo gurɓataccen ana mayarwa ciki kafin a gano hujin a liƙe.